Sharhi: Me Ya Sa Haya Ta Yi Tsada a Tsakiyar St Ives, Ƙaramin Garin Bakin Teku?

Akasarin mutane sun ɗauka tsadar haya cuta ce ta manyan birane. Idan aka ce ɗaki ya fi ƙarfin ma'aikaci a Landan ko Abuja, babu mai mamaki, domin can ne ma'aikatu da manyan albashi suka taru. Abin da ke ɗaure kai shi ne a ji ƙaramin gari, wanda ba shi da babbar masana'anta ko jami'a, ya kai matsayin da kukun da ke girki a otal ɗinsa da malamar da ke koyarwa a makarantarsa ba sa iya kama ɗaki da falo a tsakiyarsa.

Haka lamarin yake a St Ives, wani garin masunta da ke gundumar Cornwall, a can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, a bakin Tekun Atlantika. Mutanensa kimanin 11,000 ne idan aka haɗa da Carbis Bay da Lelant, kuma tafiyar jirgin ƙasa daga Landan zuwa can ta haura awa biyar. Duk da haka sunansa ya zama abin buga misali a muhawarar gidaje a Birtaniya. Wasu na ɗora laifin a kan zarin masu gidaje, wasu a kan Airbnb, shafin intanet na ba wa masu hutu haya, wasu kuma na tambaya: tun da an ce mutanen garin sun jefa ƙuri'ar hana baƙi mallakar gida a 2016, me ya sa har yanzu haya ba ta sauko ba? Wannan sharhi zai bi waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Ma'anar kalmomin da ake muhawara a kansu

Fulat kalma ce da aka aro daga Turanci, ana nufin sashe mai zaman kansa a cikin babban gini, da ɗakin kwanansa da falonsa da kicin da banɗaki. A tsakiyar St Ives yawancin irin waɗannan sassa suna saman shaguna ne, ko a cikin tsofaffin gidajen masunta da aka rarraba.

Downalong shi ne sunan da mutanen garin ke kiran tsohuwar unguwar da ke gangare, tsakanin tashar jiragen kamun kifi da gaɓar Porthmeor. Kishiyarta ita ce Upalong, wato unguwannin kan tudu. Idan aka ce tsakiyar gari a wannan rubutu, Downalong da titunan da ke kewaye da ita ake nufi, irin su Fore Street da Digey da layin bakin tasha.

Hayar dindindin ita ce wadda mutum ke kama wuri ya mai da shi mazauninsa, yana biya wata-wata. Hayar hutu ita ce wadda ake ba wa mai yawon buɗe ido gida da kayan ɗakinsa na 'yan kwanaki ko mako guda, ta hanyar kamfanonin dillanci ko shafukan intanet irin su Airbnb. Tsakanin waɗannan biyu akwai hayar hunturu: gidan hutu ne da ake ba wa ɗan gari a watannin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa gab da bikin Ista, bisa sharaɗin ya tattara kayansa kafin baƙi su dawo.

Gida na biyu kuwa shi ne wanda mai shi ke zaune a wani gari, ya saye shi don ya riƙa zuwa hutu. Ya bambanta da gidan hayar hutu, domin wani mai gida na biyun ba ya ba kowa haya, rufe abinsa yake yi ya tafi. Wannan bambanci yana da muhimmanci, saboda haraji da doka ba iri ɗaya suke hawa kansu ba.

Kuɗin ajiya su ne abin da ɗan haya ke bayarwa a riƙe saboda ɓarna ko bashi. Dokar 2019 ta Ingila ta ƙayyade su kada su wuce hayar mako biyar a yawancin gidaje, ta kuma hana dillalai karɓar la'ada daga hannun ɗan haya. Mai gida ne ke biyan dillali. Amma ɗan haya ne ke biyan harajin gida na majalisar gunduma, da kuɗin wuta da gas da ruwa, don haka abin da ke fita daga aljihunsa kowane wata ya zarce adadin da aka rubuta a tallar gidan.

Yadda unguwar masunta ta koma ta baƙi

Downalong unguwar talakawa ce tun asali. Arzikin garin a ƙarni na 18 da na 19 ya dogara ne a kan wani kifi dangin sadin, wanda ake kamawa da yawa, a yi masa gishiri, a cusa a ganguna a kai Italiya. Gidajen unguwar ma don wannan sana'a aka gina su: ƙasa rumbun kifi da koma, sama wurin kwana, da matakalar dutse a waje wadda ke hawa kai tsaye zuwa ƙofar sama. Lunguna ne ƙunci, wasu ko mota ba ta shiga.

A 1877 layin dogo ya iso garin daga St Erth, kuma a daidai wannan zamani kifin ya fara ja da baya. Jirgin da ya zo ɗaukar kifi sai ya riƙa kawo masu hutu da masu zane-zane, waɗanda hasken gaɓar ya ja hankalinsu. Ɗakunan shanya koma suka zama ɗakunan zane. Bernard Leach ya kafa wurin ginin tukwanensa a 1920, mai sassaƙa Barbara Hepworth ta ƙaura yankin a 1939, sannan a 1993 aka buɗe gidan nune-nunen zane na Tate St Ives a bakin gaɓar Porthmeor. Sauran hanyoyin samun abinci kuwa sai raguwa suka yi. Mahaƙar kuza ta ƙarshe a Cornwall, South Crofty, ta rufe a 1998, kuma a shekarun da suka biyo baya gundumar ta shiga jerin yankunan da Tarayyar Turai ke ba wa tallafi na musamman saboda talaucinsu.

Sakamakon wannan tarihi shi ne wuri mai ƙaramin albashi wanda masu manyan albashi na wasu garuruwa ke sha'awa. Bayanan da aka kafa hujja da su a tsarin raya garin sun nuna cewa a 2011 kusan kashi 25 cikin 100 na gidajen yankin babu mazaunin dindindin a cikinsu. Wannan adadi na yankin ne gaba ɗaya, alhali a Downalong abin ya fi taruwa. Wanda ya ratsa lungunan zai ga alamar a jikin ƙofofi: ƙaramin akwatin ƙarfe mai lambobin sirri da aka kafe a bango don ajiye makulli, da allon kamfanin dillanci ɗauke da sunan gidan. A ranar sauyin baƙi, wadda ta fi faɗowa Juma'a ko Asabar, masu shara ne ke hawa da sauka a matakalun da jakunkunan zanen gado, daga fitar baƙo da safe zuwa shigowar wani da la'asar.

Lissafin mai gida da lissafin ɗan haya

Tushen matsalar yana cikin lissafi biyu da ba sa haɗuwa. A fara da na ɗan haya. A Afrilun 2025 aka sa mafi ƙarancin albashi a Birtaniya ga ɗan shekara 21 zuwa sama a kan fam 12.21 a awa guda. Da wannan albashi, wanda ya yi awa 37 da rabi a mako, shekara cur, zai tashi da kimanin fam 23,800 kafin a cire haraji. Dillalan gidaje da yawa suna aiki da ƙa'idar cewa albashin shekara ya ninka hayar wata sau 30. Da wannan ma'auni, ma'aikacin nan ba zai wuce tantancewa ba a kan wurin da hayarsa ta haura kimanin fam 790 a wata. Wannan ma idan yana da aiki shekara cur ke nan, alhali aikin otal da gidan abinci a garin bakin teku yakan yi ƙasa da zarar sanyi ya shigo.

A ɗauka, don misali kawai, an sa fulat a kan fam 900 a wata. Mai nema sai ya nuna albashin fam 27,000 a shekara, ko ya kawo wanda zai tsaya masa, sannan ya ajiye kimanin fam 1,038 ban da hayar watan farko.

Shi kuma mai gida ga nasa lissafin. Fam 900 sau 12 ya ba shi fam 10,800 a shekara. Idan kuwa, a misalin dai, zai iya samun fam 1,200 a mako daga masu hutu a tsakiyar lokacin zafi, to mako goma kacal sun ba shi fam 12,000, ga sauran makonni 42 a hannunsa, ya ba da haya a farashi mai sauƙi ko ya zo da iyalinsa su huta. Gaskiya ne ba duka ne riba ba: kamfanin dillanci na yankar kaso mai tsoka, ga kuɗin shara da wanki da wuta da gyara, ga makonnin da gidan zai zauna babu kowa. Amma ko da ribar ta zo kusa da juna, hayar hutu na da wani abin da ke jan mai gida, wato gidan ba ya fita daga hannunsa fiye da mako guda.

Wanda ya taɓa neman masauki kusa da Harami a goman ƙarshe na azumi ya san yadda abin yake: ɗakin bai ƙaru da komai ba, kusanci da lokaci ne ake saye. Fulat ɗin da tagarsa ke kallon tashar St Ives ma haka ne, kuma ɗan garin da ke son sa shekara cur yana takara ne da abin da baƙo zai biya a watan Agusta. Saboda haka matsalar fuska biyu gare ta. Gidajen da suka rage a kasuwar hayar dindindin suna tsada, kuma sun yi ƙarancin da ko mai kuɗin biya sai ya yi sa'a kafin ya samu. A 2021 jaridun Birtaniya sun ruwaito cewa akwai wurare sama da 10,000 a Cornwall a shafin Airbnb, a daidai lokacin da gidajen hayar dindindin da ke shafin Rightmove a duk faɗin gundumar ba su kai ɗari ba.

Sauran dalilan da suka taru

Ruwa ba ya tsami banza, kuma hayar hutu ba ita kaɗai ta kawo garin wannan hali ba. Na farko, babu filin ƙari. Downalong tana kan ɗan siririn wuyan ƙasa ne, ruwa ta nan ruwa ta can, kuma tana cikin yankin da doka ta kare gine-ginensa na tarihi. Ba a rushe gidan masunci a tayar da bene mai hawa goma a wurin. A inda ba a iya ƙara yawan gidaje, duk ƙarin masu nema a farashi yake bayyana.

Na biyu, gidajen hukuma sun ragu. Dokar 1980 ta zamanin Margaret Thatcher ta ba masu haya a gidajen ƙananan hukumomi damar sayen gidajen da rangwame. An sayar da kusan miliyan biyu a Ingila, ba a kuma gina madadinsu daidai da haka ba. Mutanen da a da hukuma ce za ta ba su muhalli sai suka faɗa kasuwar 'yan kasuwa, inda dokar 1988 ta riga ta cire ƙayyade farashi, ta kuma ba mai gida damar ba da notis na wata biyu ba tare da faɗin dalili ba.

Na uku, tsarin haraji ya daɗe yana fifita hayar hutu. Tsakanin 2017 da 2020 an rage wa masu ba da hayar dindindin sassaucin harajin da suke samu a kan ruwan bashin sayen gida, amma ba a taɓa masu hayar hutu ba. Haka kuma gidan da aka yi wa rajista a matsayin kasuwanci yana fita daga harajin gida ya koma harajin kasuwanci, kuma idan ƙarami ne yakan samu yafiyar da za ta sa bai biya ko sisi ba.

Na huɗu, annobar korona. Da aka taƙaita fita ƙasashen waje a 2020 da 2021, 'yan Birtaniya suka karkata zuwa gaɓar tekun ƙasarsu. Aiki daga gida ya ba ma'aikacin Landan damar zama a Cornwall da albashin Landan, gwamnati kuma ta sassauta harajin sayen gida na wani lokaci. A farkon 2021 Rightmove ya ce Cornwall ta zarce Landan a yawan masu neman gida a shafinsa, kuma a Yunin shekarar aka yi taron ƙasashen G7 a Carbis Bay, wanda ya ƙara tallata yankin a idon duniya.

Na biyar, tsadar bashi. Babban Bankin Ingila ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 0.1 cikin 100 a ƙarshen 2021 zuwa kashi 5.25 a Agustan 2023. Mai gidan da ya sayi fulat da bashi ya ga abin da yake biyan banki ya yi sama, sai ya ƙara haya ko ya sayar.

Tallafin haya da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi bai cike giɓin ba. Ana auna shi ne da farashin gidaje masu araha a yanki mai faɗi, wanda ya haɗa da garuruwan da ba su kai St Ives tsada ba, kuma an daskarar da shi daga 2020 har zuwa Afrilun 2024 yayin da haya ke hawa.

Ƙuri'ar 2016: abin da ta hana da abin da ba ta hana ba

A nan ne ruɗanin ya fi yawa. A Mayun 2016 mutanen St Ives suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama a kan tsarin raya garinsu, kuma kimanin kashi 83 cikin 100 na masu ƙuri'a suka amince. A cikin tsarin akwai sharaɗin cewa duk sabon gidan da za a gina sai an zauna a cikinsa a matsayin babban mazauni. Wani kamfani ya kai ƙara, Babbar Kotu ta yi watsi da ƙarar a Nuwamban shekarar. Garuruwa irin su Mevagissey da Fowey da Salcombe sun bi sahu, kuma a 2022 mutanen Whitby da ke arewa maso gabashin Ingila suka nuna goyon baya ga irin wannan mataki a ƙuri'ar jin ra'ayi.

Abin lura shi ne sharaɗin sababbin gine-gine kaɗai ya shafa. Bai hana kowa sayen tsohon gida ya mai da shi gida na biyu ba, bai kuma hana mai fulat ya sallami ɗan haya ya koma hayar hutu ba. Tun da Downalong kusan gaba ɗayanta tsofaffin gine-gine ne, dokar ta tsallake unguwar da ta fi buƙatarta. Wannan ne amsar masu tambayar dalilin da haya ba ta sauko ba.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu goyon bayan ƙuri'ar na cewa ba a taɓa yin alkawarin za ta warware komai ba. Ikon ƙaramin gari a doka bai wuce sababbin gine-gine ba, kuma ko banza gidajen da aka gina bayan 2016 akwai mutane a cikinsu a watan Janairu.

Masu suka, ciki har da wasu masana tattalin arziki, na ganin matakin ya karkatar da masu neman gida na biyu zuwa tsofaffin gidaje, ya kuma sanyaya gwiwar magina, waɗanda ribar gidaje masu tsada ce ke ɗaukar nauyin 'yan gidaje masu rangwame da ake wajabta musu ginawa. Sukan kafa hujja da Suwizalan, inda a 2012 aka hana gina sababbin gidaje na biyu a garuruwan da irin waɗannan gidaje suka haura kashi 20 cikin 100. Binciken masanan tattalin arziki Christian Hilber da Olivier Schöni ya gano cewa a wuraren da dokar ta shafa gidaje na biyu sun ƙara daraja, rashin aikin yi kuma ya ƙaru.

Masu gidajen hutu da 'yan kasuwa na da tasu hujjar. Baƙon da ya kwana mako guda yana cin abinci a gidajen abinci, yana sayayya a Fore Street, yana samar wa masu shara da magina da masu wanki aiki. Suna ƙarawa da cewa gida na biyu da ke rufe wata goma ya fi cutar da gari a kan gidan hutu da ke cike da masu kashe kuɗi, kuma ko an kori baƙi, gidan dutse mai kallon teku ba zai yi arahar da mai wanke kwanuka zai iya kamawa ba.

Ƙungiyoyin 'yan haya kuwa wasunsu na neman a ƙayyade farashi. Abin da ya faru a Sikotland darasi ne a nan. A 2022 an daskarar da ƙarin haya ga waɗanda ke cikin gida, daga baya aka yarda da ƙarin kashi 3 cikin 100, har zuwa ƙarshen Maris na 2024. Wanda ke ciki ya samu sauƙi, amma farashin da ake sa wa sabon mai shiga ya ci gaba da hawa. A garin da mai gida ke da wata ƙofar fita, wato hayar hutu, ƙayyade farashin hayar dindindin kaɗai na iya tura shi ta wannan ƙofa.

Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: garin da ke kuka da baƙi, da kuɗin baƙin yake rayuwa, kuma cikin masu ba da hayar hutun akwai 'yan asalin garin da suka gaji gidajen kakanninsu.

Sababbin matakai da abin da za su iya haifarwa

A 'yan shekarun nan gwamnati ta fara toshe ƙofofin da suka fifita hayar hutu. Daga Afrilun 2023, gida ba ya shiga harajin kasuwanci a Ingila sai an sa shi a kasuwa kwana 140 a shekara, an kuma ba da shi haya a zahiri kwana 70. A Oktoban 2024 aka ɗaga ƙarin harajin sayen gida na biyu daga kashi 3 zuwa kashi 5 cikin 100. A Afrilun 2025 aka soke sassaucin harajin gidajen hutu, kuma a watan ne Majalisar Cornwall ta fara ninka harajin gida a kan gidaje na biyu, bisa ikon da dokar 2023 ta ba ta. Sai kuma dokar haƙƙin 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoban 2025, wadda ta tanadi soke korar ɗan haya ba tare da dalili ba, da hana gwanjon haya, da taƙaita ƙarin kuɗi zuwa sau ɗaya a shekara.

Ana iya tsammanin wasu masu gidaje na biyu su sayar. Amma gidan da aka sa a kasuwar sayarwa bai zama gidan haya ba, kuma farashinsa ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Wasu kuma za su tsere wa ninkin harajin ta hanyar cika kwana 70 ɗin nan su koma harajin kasuwanci, abin da ba shi da wuya a gari irin St Ives. Ita ma dokar kare 'yan haya, duk da amfaninta ga wanda ya riga ya samu wuri, tana iya sa wasu masu gidaje su gwammace baƙon mako guda.

Abin da wasu wurare suka yi, wanda ya fi kusa da tushen matsalar, shi ne sa wa sauya gida zuwa hayar hutu linzami. A Landan ba a ba da gida gaba ɗaya hayar gajeren zango fiye da dare 90 a shekara sai da izini. Sikotland ta wajabta lasisi. Bar Harbor, wani ƙaramin garin bakin teku a jihar Maine ta Amurka, ya ƙayyade a 2021 cewa gidajen hutun da masu su ba sa zaune a ciki kada su wuce kashi 9 cikin 100 na gidajen garin.

Idan aka bar abin yadda yake, illolin a bayyane suke. Ma'aikata na ƙaura zuwa Hayle da Camborne da Redruth, suna kashe kuɗi da lokaci a hanya. Gidajen abinci na rasa ma'aikata a lokacin da suka fi buƙatarsu. Iyalin da ke hayar hunturu na shiga neman wurin zama kowace shekara da zarar Ista ta gabato, da 'ya'yansu 'yan makaranta. Jirgin ceto na teku ma, wanda 'yan sa kai ke tuƙawa, yana buƙatar mutanen da ke kwana kusa da tasha, waɗanda za su iso cikin 'yan mintoci idan an yi kira.

Abin da ya shafi mai karatu

Tsakanin 2022 da 2025, lokacin da Birtaniya ke ba wa masu nema daga ƙasashen waje bizar kula da tsofaffi da marasa lafiya, 'yan Najeriya da 'yan Gana da yawa suka samu aiki a ƙananan garuruwan Ingila, ciki har da na bakin teku, inda tsofaffi suka yi yawa. Wanda ya saba da biyan hayar shekara guda a dunƙule da la'adar dillali zai ga tsarin wata-wata kamar sauƙi ne, amma tantancewar albashi da neman mai tsaya masa sukan zame wa sabon zuwa babban shinge. Irin wannan takara tsakanin baƙon 'yan kwanaki da mazaunin dindindin ta fara bayyana a unguwannin Legas irin su Lekki, musamman a watan Disamba.

Hukuncin da bayanan nan suka kai mu shi ne, tsadar haya a tsakiyar St Ives ta samo asali ne daga gidaje ƙalilan da ba a iya ƙarawa, waɗanda albashin gari da kuɗin baƙi ke takara a kansu. Ƙuri'ar 2016 ta kama sababbin gine-gine ta bar tsofaffi, haraji kuma yana rage ribar hayar hutu ba tare da ya hana ta ba. Sauƙi na haƙiƙa sai an haɗa abu biyu: a ba majalisar gunduma ikon ƙayyade yawan gidajen da za su koma hayar hutu, a kuma samar da gidajen haya na hukuma ko na ƙungiyoyin al'umma waɗanda ba za a iya sayar wa kasuwa ba. Wanda kuma aka yi wa tayin aiki a irin wannan gari, kada ƙanƙantar garin ta ruɗe shi. Kafin ya sa hannu a takarda, ya tambayi inda zai kwana, nawa ne a wata da haraji da wuta, kuma hayar ta shekara cur ce ko ta hunturu.